ALBASHI WATA-WATA, HAYA SHEKARA-SHEKARA

A wannan mako filin namu zai yi tattaki zuwa gabas, mu sauka a Jimeta ta Jihar Adamawa, a unguwar da a ke kira Bekaji, domin mu duba wata matsala wadda ta ke hana magidanta barci tun daga Sakkwato har Maiduguri, watau maganar kuɗin hayar gida. Dalilin da ya sa muka zaɓi Bekaji shi ne, a cikin tarihin wannan unguwa ana iya ganin yadda ciwon ya samo asali, ana kuma iya hango inda maganinsa ya ke.

Duk ɗan hayar da ka tambaya, kukansa ɗaya ne, haya ta yi tsada. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma akwai wani abin da ya fi tsadar karya ƙarfin talaka, wanda saboda sabo da aka yi da shi har an daina ganinsa abin mamaki. Ma'aikaci wata-wata a ke biyansa albashi, ɗan kasuwa kullum-kullum ya ke samun ribarsa, amma in aka zo ga haya sai a ce ya kawo kuɗin shekara guda cur, wani wurin ma shekara biyu, a rana ɗaya, kafin a miƙa masa mabuɗi. A ganinmu, muddin ba a gyara wannan ba, ko an rage kuɗin haya tsugune ba ta ƙare ba.

GARIN BAƘI

Wanda bai san wurin ba ya kan ɗauka Yola da Jimeta gari ɗaya ne. Lalle su biyun ne suka haɗu suka zama hedkwatar jiha, amma kowanne da halinsa. Yola ita ce fadar Lamiɗo, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma masana Fulatanci sun ce sunan ya fito ne daga kalmar "yolde", watau tudu, domin mutanen da ba su kafa gari inda ruwa ya ke kwana. Jimeta kuwa a bakin kogin Binuwai ta ke, kuma kogin ne ya raya ta. Tun cikin shekarun 1880 Turawan ciniki na Kamfanin Neja su ke haurowa da jiragen ruwa zuwa wannan yanki, kuma bayan da sojan Ingila suka ci Yola a 1901, a zamanin Lamiɗo Zubairu, sai tashar jiragen ta zama mahaɗar fatake. Da damina, in kogi ya kawo, jirage su kan zo da gishiri da yadi da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga da fatu, wasu kuma su zarce har Garwa a ƙasar Kamaru. Leburori da akawuna da 'yan koli da tsofaffin soja, daga kabilu iri-iri na kusa da na nesa, suka yi ta taruwa, kowa yana neman ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa. Ashe ke nan tun farkon fari Yola garin gidajen gado ce, Jimeta kuwa garin gidajen haya.

Babban sauyi ya zo ne ranar 3 ga Fabrairu, 1976, sa'ad da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Gongola daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas, aka kuma sa hedkwatarta a nan. Ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri da iyalansu da kayansu, zuwa garin da bai shirya karɓarsu ba. Wannan ne ya tilasta wa gwamnati gina rukunonin gidaje domin ma'aikatanta, kuma Bekaji tana cikin irin waɗannan rukunoni na zamanin Jihar Gongola.

To, a nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Ma'aikacin da aka ba gidan gwamnati a wancan zamani bai san wani abu wai shi kuɗin shekara ba. Bai san dillali ba, bai san la'ada ba. In wata ya yi, sai a cire ɗan abin da aka yanka masa daga albashinsa tun kafin kuɗin su iso hannunsa, ya karɓi sauran ya yi cefane. Ba ya jin nauyin, ita kuma gwamnati ba ta bin sa bashi. Haka nan ma a cikin gari, mai ɗaki ɗaya ko ciki da falo a gidan haya, wata-wata ya ke kai wa mai gida kuɗinsa. Wannan al'ada ta biyan shekara, wadda yaran yanzu su ke zaton da ita aka halicci duniya, daga baya ta shigo.

YADDA WURI YA YI WUYA

A watan Agusta na 1991 aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, ma'aikatan Taraba suka kwashe suka nufi Jalingo. Wasu sun zaci gidaje za su yi araha, amma gurbin da suka bari bai daɗe ba ya cike. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1981, wadda yanzu a ke kira Jami'ar Modibbo Adama, ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya wadda ta fara karatu a 2005, ga manyan asibitoci da bankuna da barikin soja da na 'yan sanda. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta jawo malamai da ɗalibai da ma'aikata, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka tanadar wa masauki. A ɗaya ɓangaren kuma, daga 2003 Gwamnatin Tarayya ta Cif Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, watau a maimakon a ba ma'aikaci gida sai a saka masa kuɗin haya a cikin albashi, ya je ya nemi wurin zama da kansa. Tun daga nan gwamnatoci suka yi ta zame hannu daga saukar da ma'aikatansu, aka yi ta sayar da gidajen gwamnati a faɗin ƙasar, ma'aikacin da ya zo daga baya kuwa aka bar shi da 'yan kasuwa.

Sai kuma musibar 2014. A wannan shekara 'yan Boko Haram suka mamaye Madagali da Michika, a ƙarshen Oktoba kuma suka shiga Mubi, gari na biyu a girma a jihar. Dubban ɗaruruwan bayin Allah suka tsero zuwa Yola da Jimeta. An buɗe sansanoni a Malkohi da Damare da Fufore, cocin Katolika na Santa Tariza a Jimeta ya sauke dubbai, amma mafi yawan waɗanda suka gudo a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suka raɓa, har ka ga gidan mutum goma ya koma na mutum arba'in. Mutanen garin sun yi abin a yaba musu. Bayan ƙura ta lafa wasu sun koma gida, amma da yawa sun riga sun sa 'ya'yansu makaranta, sun kama sana'a, sun zama 'yan gari, kuma duk gida su ke nema. A bayansu kuma ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka iso, masu biyan kuɗi da tsoka ba tare da ciniki ba, suka kama manyan gidaje suka mai da su ofisoshi da masaukan baƙi. Mai gidan da ya ga abin da maƙwabcinsa ya karɓa, ai da wuya ya yarda ya koma tsohon farashi.

Akwai kuma kogin kansa, wanda shi ya haifi garin, shi ne kuma ya ke takura shi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka buɗe ta, mutanen bakin Binuwai ba su barci da ido biyu rufe. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka daɗe ana maganar Nijeriya za ta gina a ƙasar Fufore don ta tare wannan ruwa, ta tsaya a takarda shekara da shekaru. An ga ambaliyar 2012, an ga ta 2022, kuma a watan Yuli na 2025 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya mamaye unguwannin Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate a ɓangaren Yola, ya halaka fiye da mutum ashirin. Saboda haka mai neman gida a nan ba yawan ɗakuna kaɗai ya ke dubawa ba, har da inda ruwa ya ke tsayawa a watan Agusta da Satumba. Unguwa irin Bekaji, wadda aka shata ta da tituna tun asali, ta yi nesa da bakin kogi in an kwatanta ta da su Rumde da Limawa, ba ta kuma da nisa da ofisoshi da bankuna da kasuwa, dole ta yi daraja. Gidajen da su ke bakin manyan tituna kuwa ana ta mayar da su kantuna da makarantu da ƙananan asibitoci, watau masu neman wurin kwana suna ƙaruwa, wuraren kwanan suna raguwa.

LISSAFIN ƊAN HAYA

Bari mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A cikin Shirin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, Gwamnatin Tarayya ta ce burinta shi ne kada ma'aikacin birni ya kashe fiye da kashi 20 cikin 100 na samunsa a kan haya. A watan Yuli na 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000, kuma Jihar Adamawa, a ƙarƙashin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri, tana cikin jihohin farko da suka fara biya. N70,000 sau goma sha biyu ya kama N840,000 a shekara, kashi 20 cikin 100 na wannan kuwa N168,000 ne, watau N14,000 a wata. Duk wanda ya san Jimeta ya san cewa wanda ya tunkari dillali da wannan kuɗi yana neman sashe mai ɗaki biyu da falo a Bekaji, dariya kawai za a yi masa.

Amma a bar mai ƙaramin albashi, a ɗauki na sama da shi. A ce ga malamin makaranta mai ɗaukar N100,000 a wata, an yanka masa haya N360,000 a shekara. Wannan misali ne kawai domin sauƙin lissafi. In wata-wata zai biya, N30,000 ke nan, da nauyi amma ana iya cijewa a ɗauka. In kuwa aka ce sai kuɗin shekara, ga la'adar dillali wadda bisa al'ada ta kan kama kashi 10 cikin 100, ga wani kashi 10 ɗin na rubuta yarjejeniya, to ranar farko sai ya ajiye N432,000. Albashinsa ke nan na wata huɗu har da ɗori, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a biya kuɗin makarantar yara ba. Ba a ma yi maganar kuɗin ajiya na ɓarna ba, wanda da wuya a ga ya dawo hannun mai shi, ko kuɗin duba gida da wasu dillalai su ke karɓa kafin su nuna maka ko da ƙofar wurin.

Ina malamin zai samo wannan kuɗi? Ko ya ci bashi a ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinsa, ko ya je wurin masu ba da rance da ruwa, ko uwargida ta sayar da ɗan kunnenta da akuyoyinta, ko ya bi 'yan'uwa yana sunkuyar da kai. To, jama'a, ku dubi abin da ya faru a nan. Talaka ya ciwo bashi mai ruwa, ya miƙa wa wanda ya fi shi hali rance maras ruwa na tsawon shekara guda. Domin kuwa kuɗin wata na goma sha biyu da ya biya tun a watan farko, ai rance ne ya ba mai gida, tun da bai riga ya zauna a gidan wannan wata ba. Kafin ya gama biyan bashin bara, na bana ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma sau da yawa da ƙari a kai. Haka mutum zai yi shekara talatin yana aiki, bai taɓa tara abin da zai sayi ko da rabin fuloti ba.

Wanda ya gaza, sai ya tattara ya yi gaba, ko ya nufi bayan gari wajen Jambutu da Damilu, ko ya ƙetare gada zuwa Vinikilang da Bajabure da Sangere a ƙasar Girei. Can ɗin haya da ɗan sauƙi. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da N200 har ta haura N1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin Keke Napep ya bi ta. Abin da magidanci ya rage a haya sai ya zubar da shi a hanya, shi da 'ya'yansa 'yan makaranta, safe da yamma. In kuma ya yi rashin sa'a wurin da ya samu da araha kwari ne, to damina ɗaya ta isa ta raba shi da katifa da buhun hatsi da takardun shaidar karatunsa.

TA BAKIN MASU GIDAJE

Sai dai fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne a ɗora wa masu gidaje laifin duka. Da yawa daga cikinsu ba attajirai ba ne. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a ginin ɗakuna huɗu, su ne fanshonsa na gaskiya. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gida ɗaya, da hayarsa ta ke ciyar da su. Waɗannan su ma kasuwa ɗaya su ke zuwa da ɗan haya. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa lissafin hukuma. Buhun siminti da a ke saye wajen N5,000 a 2023 ya haura N10,000 a farkon 2024, rodi da kwano da katako da tifar yashi duk suka bi sahu. Banki kuwa ba wurin zuwa ba ne, domin a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya da kansa ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuma sama da haka su ke ba da rance. Mai gidan da ya ke son ya gyara rufi ko ya ƙara ɗaki biyu a baya ba shi da wani banki sai ɗan hayarsa.

Bayan wannan akwai tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Wane mai gida ne bai taɓa gamuwa da ɗan hayar da ya biya wata biyu ya noƙe ba? Ko wanda ya tashi cikin dare ya bar bashin wuta da ruwa, da fasassun tagogi, da masai a toshe? In aka kai ƙara kotu, a yi ta ɗage shari'a wata da watanni, mutum yana zaune cikin gidanka kyauta kana biyan lauya. Wanda aka taɓa yi wa haka sau ɗaya, in ya ce ba zai ƙara ba da mabuɗi ba sai ya ga kuɗin shekara a hannu, ba a ce ya yi hauka ba. Ashe ke nan tushen biyan shekara abu biyu ne, rashin amana da rashin wurin samun rance. Duk maganin da bai taɓo waɗannan biyu ba, shafa mai ne a kan ƙurji.

AN GWADA DOKA

Duk lokacin da kuka ya yi yawa, abin da ya ke fara zuwa bakin mutane shi ne gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya. An gwada. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, farashin kome ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatin soja ta kafa kwamitin duba haya a 1976, jihohi suka bi da dokokin ƙayyade haya da kotunan musamman. Me ya biyo baya? Mai gida ya rubuta rasit da kuɗin da doka ta yanka, ya karɓi sauran ta bayan fage, ɗan haya kuwa bai isa ya yi ƙara ba don ya san akwai mutum goma a bayansa suna jiran ɗakin. Wasu masu hali kuma suka daina gina gidajen haya gaba ɗaya.

An kuma gwada gini. Shirin Raya Ƙasa na Uku ya yi alkawarin gidaje 202,000, ko kashi 15 cikin 100 ba a kammala ba. Alhaji Shehu Shagari ya zo da nasa shirin na gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara, kuma unguwar Shagari ta Yola shaida ce cewa an yi wani abu, amma bai kai ko kusa da abin da aka ƙudurta ba. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci, amma a tambayi ma'aikatan kowace sakatariya mutum nawa ne a cikinsu suka mallaki gida ta wannan hanya.

Hatta dokar hana karɓar kuɗin gaba an gwada ta. Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙuduri Majalisar Dattawa don a koma biyan wata-wata a Abuja, bai zama doka ba. A ƙasar Gana tun 1963 doka ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida, amma a Ankara kuɗin shekara biyu a ke nema ido na ganin ido, har sai da gwamnatinsu a 2023 ta fito da wani shiri na biya wa ma'aikaci kuɗin gaba, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Alhali kuwa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, waɗanda ba su fi mu arziki ba, galibinsu har yanzu wata-wata su ke biyan haya, kuma ba a daina gina gidaje a can ba. Darasin a fili ya ke. Doka ita kaɗai ba ta sa mai gida ya yarda da ɗan haya, sai an ba shi wanda zai tsaya masa.

INA MAFITA?

Mafita tana nan a inda Bekaji ta faro, watau a cire daga albashi. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da jami'o'i da asibitoci da bankuna, kowannensu ya riga ya saba cire kuɗin ƙungiya da bashin gama-kai daga albashin ma'aikacinsa kowane wata. Me zai hana a ƙara layi ɗaya a takardar albashi? Ma'aikaci da mai gida su sa hannu, ma'aikatar ta sa nata, in wata ya yi kuɗin haya su wuce kai tsaye zuwa asusun mai gida kafin albashi ya shiga hannun mai shi. Mai gida ya huta da bin bashi, ma'aikaci ya huta da cin bashi, gwamnati kuwa ba ta kashe ko kwabo ba, illa tawada. Muna kira ga Ƙungiyar Ƙwadago reshen Adamawa, wadda ta yi tsayin daka a kan ƙarin albashi, ta sa wannan a cikin buƙatunta, domin ƙarin da dillali da mai rance za su raba a tsakaninsu bai amfani ma'aikaci ba.

Ga waɗanda ba su ɗaukar albashi, 'yan kasuwa da direbobi da teloli da makanikai, ai suna da ƙungiyoyinsu, kuma mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba a rasa kwabo ba, ba za su kasa tsaya wa ɗan'uwansu a gaban mai gida ba. Ƙungiya ta zama mai lamuni, ta tara kuɗin a hannun mambanta mako-mako, ta miƙa wa mai gida a ƙarshen wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma a yi hattara da wani tarko. Dokokin karɓe gida daga hannun ɗan haya a jihohin ƙasar nan kusan bakinsu ɗaya ne. In babu wata yarjejeniya ta daban, mai hayar wata notis ɗin wata guda a ke ba shi, mai hayar shekara kuwa na wata shida, bayan wannan kuma sai na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Saboda haka kada ɗan haya ya yi murnar komawa biyan wata-wata ya wayi gari an ba shi kwana talatin ya kwashe iyalinsa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne hayar shekara ce, amma za a riƙa biyanta kashi goma sha biyu, kuma ba za a yi ƙari ba sai shekara ta cika, bayan an sanar da shi tun da wuri.

Majalisar Dokokin Jihar Adamawa kuma tana da aiki uku a gabanta. Na farko, a ware alƙalai ko kotun musamman ta haya, a yanka mata wa'adin 'yan makonni ta gama kowace shari'a, domin mai taurin bashi ya san ba shi da maɓoya, mai gidan da ya ke cire ƙofa ko kwanon rufi don ya kori ɗan haya shi ma ya san ya taka doka. Na biyu, a yi wa dillalai rajista, a yanka musu la'ada guda ɗaya sananniya, wadda ba a biya sai ciniki ya faɗa, a kuma hana kuɗin duba gida. Dillalan ƙwarai, waɗanda suka gaji sana'ar kuma su ke tsare mutuncinsu, su za su fi kowa cin moriyar wannan. Na uku, tun da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun Gwamna, a fitar da sababbin filaye a kan tudu, a kai musu titi da magudanar ruwa da famfo da wuta kafin mutane su tare, a kuma sauƙaƙa samun takardar mallaka. Ranar da aka sami unguwa biyar masu tsari irin na Bekaji, ranar ce farashin Bekaji zai sauko da kansa ba tare da an kai kowa kotu ba.

Kafin nan, shawararmu ga kowane ɗan haya ita ce kada ya ba da ko sisi sai da rasit, kada kuma ya tare sai da yarjejeniya a rubuce da shaidu, a bayyana wanda gyaran rufi da famfo ya ke kansa, a kuma duba ko akwai tsohon bashin wuta. Rasit ɗin ma yanzu ya ƙara daraja, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka tsara ta fara aiki daga Janairu na 2026, ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, har zuwa N500,000, daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai. Wanda ba shi da shaidar biya, da me zai nemi wannan rangwame?

Ku kuma masu gidaje, ɗan hayar da ya shekara biyar bai taɓa saɓa muku ba, ya riƙe muku gida kamar nasa, ai ya riga ya ba ku duk shaidar da ku ke nema. Ku fara da shi. Ku karɓi nasa wata-wata ko wata uku-uku, ku gani ko za ku yi asara. Ba sai an jira majalisa ba kafin a yi wannan.

Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, ya ba kowane magidanci inda zai ajiye iyalinsa cikin kwanciyar hankali. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.